Wankan Hajiya Zuwera

Sanatu tana cikin kwashe ƙosai daga mai wata mata ta tsaya da babur a bakin kwata, ta sauko ko makulli ba ta zare ba. A unguwar Gumbihini ta birnin Tamale babu wanda bai san rumfar Mma Sanatu ba, mai koko da ƙosai, kuma babu wanda bai san aikinta na biyu ba: in mace ta rasu a unguwa, ita ake kira ta yi mata wanka. Shi ya sa da masu jiran koko suka ga matar nan da jajayen idanu, mayafi a karkace, sai suka matsa suka ba ta hanya.

"Dasiba, Mma," in ji matar, ta ɗan rusuna.

Sanatu ta ɗago kai. Goshin ta fara gani, sannan wushiryar, duk irin na wata da ta sani. Ba ta amsa gaisuwar ba.

"Mma, ni ce Maltiti, 'yar Hajiya Zuwera ta unguwar Kaladan. Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa da asubar nan."

Masu jira suka ɗauki salati. Sanatu ta ci gaba da juya ƙosai kamar ba da ita ake ba.

"Ta bar wasiyya, Mma. Ta ce kada kowa ya wanke ta sai ke."

Matsamin ƙosan ya daki bakin kasko har mai ya fallatsa a garwashi, wuta ta yi tsalle.

"Ni? Ni ta ce?" Muryar Sanatu ta kai har shagon mai gyaran rediyo a tsallaken titi. "Matan Tamale sun ƙare ne? Tana da rai ba ta taɓa tako ƙofata ba, sai da ta mutu za ta aiko ni kamar baiwar ubanta? Koma ki gaya musu su nemo wata. In sun rasa, su jefa ta a rami da dauɗarta, ƙasa ba ta ƙin kowa!"

"Subhanallahi!" wani dattijo ya ce, ya ajiye kofinsa ya tashi.

Akosua, mutumiyar Kumasi da ke sayar da burodi a teburin gefe, ta riƙo mata zane. Sun daɗe suna raba inuwa ɗaya, amma ba ta taɓa jin irin wannan daga bakin Sanatu ba. Da gurguwar Hausarta ta yi magana.

"Mma Sanatu, yaya haka? Mutum ya mutu fa. Wannan yarinya bai yi maki komai ba."

"Sake ni, Akosua. Ba ki san komai ba."

Gaskiya ne, ba ta sani ba. Sanatu ba ta taɓa ba kowa labarin a Tamale ba, sai ɗanta, shi ma a taƙaice.

A wani ƙauye gabas da Bimbila aka kai su aure, ita da Zuwera, damina ɗaya. Tare suke tsintar kaɗanya, tare suke daka, in ɗaya ta haihu ɗayar ce ke dafa mata ruwan wanka. Mijin Zuwera yana da babbar mota ta ɗaukar doya, mijin Sanatu kuwa, Abdul-Mumin, gona ce da shi da keke. Da yaƙin ƙabilanci na shekarar casa'in da huɗu ya iso gare su, da hantsi ya iso. Aka fara ganin hayaƙi daga ƙauyen da ke gaba, sai ƙarar bindigogi, sai mutane suka kwararo bakin hanya inda motar take. Mijin Zuwera ba ya gari, ita ce ke ba direba umarni, kuma tun kwana biyu kafin nan ta sa an loda mata buhunan masara, da doya, da keken ɗinki, da kwanukan aurenta. Mutane suka hau kan kayan. Abdul-Mumin ya turo Sanatu sama da jariri a bayanta, ya juya ya ɗago babban ɗansu Yazeed, wanda a lokacin yake famfarar haƙoran gaba. Yaron ya kama ƙarfen motar da hannu biyu.

Sai Zuwera ta ƙwala ihu, ta ce mota ta cika, taya za ta fashe, kowa zai mutu. Ta bubbuga kan motar, direba ya ja. Sanatu ta ce ta jefar da buhu ɗaya, buhu ɗaya tak, yaro ya zauna. Zuwera ba ta dube ta ba. Ta sunkuya ta ɓamɓare yatsun yaron daga ƙarfen, ya faɗa hannun ubansa. Mata suka danne Sanatu don kada ta yi tsalle da jaririn. Abin da ta gani na ƙarshe, Abdul-Mumin ne yana gudu a bayan motar da yaro a kafaɗa. Daga baya waɗanda suka tsira da ƙafa suka ce an tare su a mashigin rafi. Ba a samu gawa ba, balle a yi musu sutura.

Su duka biyu a Tamale suka zauna. Zuwera ta buɗe rumbun hatsi a kasuwar Aboabo, ta yi gida, ta je Makka, ta sake zuwa. Sanatu ta fara da tallan ruwa, ta koma koko. In sun yi kiciɓis a kasuwa ko gidan suna, Zuwera kan sunkuyar da kai ta sauya hanya. Ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta ce yi haƙuri ba.

Maltiti ba ta tafi ba. Tana tsaye a rana, hannuwa a harɗe, lokacin da Masahudu ya iso da yelo-yelonsa, keken haya mai ƙafa uku, cike da jarkokin ruwa. Shi ne jaririn nan na bayan Sanatu, yanzu magidanci da 'ya'ya biyu. Akosua ta ja shi gefe ta raɗa masa abin da ya faru. Ya sauke jarkokin, ya zo ya tsuguna kusa da murhu.

"Mma, ki yi haƙuri. Ta riga ta tafi inda za a yi mata hisabi. Ko ranar Juma'a liman ya yi wa'azi a kan yafiya, ya ce wanda ya yafe..."

"Rufe min baki!" Ta nuna shi da matsami. "Liman yana kan motar? Kai kana bayana kana barci, ko yaye ka ban yi ba, yau kai ne mai koya min addini? Kowa yafe, yafe, yafe, kamar ƙosai ne za a naɗe a takarda a miƙa. Ubanka aka bari a hanya! Yayanka aka ɓamɓare kamar kaska! Ka taɓa tambayata ko da wa yake kama?"

Masahudu ya sunkuyar da kai. Masu sayen koko sun watse, saura yara biyu da suka ƙi matsawa sai da Akosua ta kore su. Ƙosan da ke cikin mai ya ƙone ya yi baƙi. Sanatu ta kwashe shi ta watsa wa kaji, ta tsaya tana huci. Can sai ta kwance ɗankwalin da ta ɗaure ƙugu da shi.

"To, zan je. Tunda ta kira ni, zan je. Abin da ta hana ni faɗa mata tana gudu, yau ba ta da ƙafar gudu. Akosua, duba min wuta. Masahudu, ɗauko min jakata a bayan ƙofa."

Gidan Hajiya a Kaladan bene ne mai fentin ruwan ƙwai. An riga an kafa rumfa a ƙofar gida, maza sun cika kujerun roba. A tsakar gida mata sun zazzauna a tabarmi, kuma duk inda Sanatu ta taka yabo take ji. Wannan ta ce Hajiya ce ta haƙa musu rijiyar burtsatse. Waccan ta ce ita ta biya wa marayun ƙanwarta makaranta. Wata tsohuwa tana kuka tana cewa duk azumi buhun masara ke zuwa mata har ɗaki.

Buhun masara. Sanatu ta ji kamar ta tsaya a tsakiyarsu ta kwance komai. Bakinta har ya buɗe. Wata ta miƙo mata hannu tana cewa, "Sannu da zuwa, Mma Sanatu, Allah ya ba da lada," ta wuce ba ta karɓa ba.

An kwantar da gawar a ɗakin baya, kan gadon katako, an lulluɓe ta da farin zane. Bokitai na jere, an kawo ganyen magarya da kafur. Ƙannen mamaciyar biyu suka biyo ta ciki.

"Ku fita. 'Yarta kaɗai nake so, ta zuba min ruwa."

Suka dubi juna, suka fita. Maltiti ta sa sakata.

Sanatu ta yaye zanen daga fuska. Ta zo da shirin ganin Zuwerar da ta sani, mai ƙiba, mai awarwaro har gwiwar hannu. Abin da ta tarar 'yar tsohuwa ce da ciwo ya tsotse, kumatu sun faɗa, gashi fari ƙal. Wannan ma ya ƙara mata haushi, kamar an sauya mata mutum don a kuɓutar da mai laifin. Ta zaro hannun dama daga ƙarƙashin zanen, ta ɗaga shi.

"Ga shi nan. Shi ne wannan." Ba ta ɗaga murya ba saboda matan da ke waje. "Zuwera, kina ji na? An ce mamaci na ji. To ki ji. Ni ce Sanatu, wadda ta riƙe miki baya ranar da kika haifi wannan da ke tsaye. Masararki ta iso Tamale lafiya? Ta yi daɗi? Keken ɗinkinki fa, ya ɗinka miki me? Yaro ne, Zuwera. Nauyinsa bai kai rabin buhu ba. A kwanonki yake cin tuwo, Mma yake ce miki. Kin haƙa rijiya, an gode. Kin ciyar da marayun duniya, an gode. Ni fa? Daga Kaladan zuwa Gumbihini tafiyar Makka ce? Kin tsallake teku sau biyu kin roƙi Allah, kin kasa tsallake titi ki roƙe ni. Matan mutane nake wankewa shekara da shekaru, in naɗe su in sa musu turare, nawa kuwa ko ƙashinsu ban gani ba. Yanzu kin kwanta kin miƙe ƙafa, kina so in tsarkake ki ki tafi fes? Wayo ke nan. Kullum ke ce mai wayo."

Ta saki hannun ya faɗi kan katako. Ta taɓa gawa da yawa a rayuwarta, ba ta taɓa sakin hannun wata haka ba.

"Mma," in ji Maltiti daga bayanta. "Ina kan buhun."

Sanatu ta juyo.

"Ina kan motar ranar. A kan buhun nan da kika ce a jefar nake zaune. Na ga lokacin da ta cire masa hannu. Ya kira sunana, Mma. Ni ya kira, don tare muke wasa." Idanunta a bushe suke yanzu. "Da na yi wayo na tambaye ta, ta mare ni, ta ce mafarki na yi. Na yi aure na sake tambaya, ta ce in na kuma za ta tsine min. Sai makon jiya a asibiti ta kama kuka, ta ce a kira mata Sanatu. Na ce to in je yanzu? Ta ce a'a, ba za ta iya kallon idonki ba, a bari sai ta mutu. Har a bakin kabari matsoraciya ce. Kina tsammanin ke kaɗai ce ba ki yafe mata ba?"

Kafin Sanatu ta ce wani abu, Maltiti ta suri bokiti. "Mu yi mu gama. Maza na jira." Ta fizge zanen gaba ɗaya ya zame ƙasa, ta ɗaga bokitin za ta sheƙa ruwan a fuskar uwar.

"Ke!"

Sanatu ta cafke mata hannu har ruwa ya zube musu a ƙafa.

"Kin haukace? Haka ake yi? Wa ya ce ki tsiraita ta? Ɗauko zanen nan ki rufe ta, yanzu!"

"Mma, ke da kanki kika ce..."

"Na ce abin da na ce! Tsakanina da ita ne. Amma ba a gabana za a wulaƙanta gawa ba, ko ta wace ce. Uwarki ce, marar kunya. Rufe ta!"

Maltiti ta ajiye bokitin. Ta ɗauki zanen ta shimfiɗa daga ƙirji zuwa gwiwa, daga nan ta durƙushe a jikin gadon ta fashe da kuka irin na yara, baki a buɗe. Sanatu ta tsaya a kanta tana numfashi sama-sama. Ta zo ta yi faɗa da Zuwera, ga ta tana tsare mata mutunci. Abin ya ba ta takaici har ta ji ɗaci a harshe. Ta dubi hannun da ta saki, yana reto a gefen gado. Ta ɗauke shi ta mayar ƙarƙashin zanen.

"Tashi. Share fuskarki. Taɓa ruwan nan ki ji, in ya yi sanyi a sirka."

Ta yi bisimilla, ta naɗe hannunta da tsumma. Ta ɗago kafaɗun ta sa Maltiti ta tallafe kan, ta shafa cikin a hankali, ta yi mata tsarki, ta yi mata alwala. Suka fara da gefen dama. Maltiti na zuba ruwa da moɗa kaɗan-kaɗan, Sanatu na cuɗawa da ruwan magarya. Babu mai magana sai "juya ta," "a hankali," "ƙara nan." Da ta zo kan yatsun, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take wa kowa, ta goge ƙarƙashin farce. Hawaye na zuba mata tana sharewa da kafaɗa, kuma har lokacin haushi take ji, sai dai ya daina tafasa. Ya koma gajiya, irin ta wanda ya ɗauko itace daga daji mai nisa.

Ta tsefe farin gashin, ta taje, ta kama shi gida uku. Aka yi ruwan ƙarshe da kafur. Suka tsane ta, suka naɗe ta a likkafani. Kafin ta rufe fuskar, Sanatu ta dakata.

Addu'ar da ta saba yi wa kowace mace a daidai nan ita ce Allah ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta. Yau addu'ar ta ƙi fitowa. Ta buɗe baki ta rufe. A waje wani namiji yana tambaya ko an gama, rana na yi.

"Ya Allah," ta ce a ƙarshe, da muryar da ta dushe, "Kai ka san ba na so. Ka san abin da ta yi, kana gani aka yi shi. Ni dai na gaji. Haƙƙina ni Sanatu, na bar mata. Na Abdul-Mumin da na Yazeed ba nawa ba ne, suna wurinka, ita ma ga ta nan zuwa. Ka yi yadda ka ga dama. In ka gafarta mata, ba zan yi gardama ba."

Ta ja likkafanin ta rufe, ta ɗaure.

Maltiti ta kama ƙafarta tana cewa, "Mma, na gode, Mma." Sanatu ta janye ƙafar.

"Kada ki gode min. Kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan ya tsaya. Ki tashi ki buɗe ƙofa. Naki da ita kuma, ki je ki san yadda za ki yi da shi, ni ba zan ce miki ki gaggauta ba."

Maza suka shigo da makara. Sanatu ta wanke hannuwanta a bakin famfo, ta ratsa matan ba ta zauna ba. Tsohuwar nan mai kuka ta tare ta tana tambaya, "Yaya kika gan ta, Mma Sanatu? Fuskarta ta yi haske, ko?" Sanatu ta dube ta.

"Allah ya ji ƙanta," ta ce, ta wuce.

Masahudu na jiranta a ƙarƙashin wata darbejiya. Ta shiga baya, ya tayar da yelo-yelo. Sun kusa shataletale ta ce ya tsaya a gefen hanya. Ya tsaya, ya kashe inji, yana kallonta ta madubi.

"Yayanka Yazeed," ta ce, "ba ya jin magana ko kaɗan. Kai salihi ne a kansa."

Masahudu ya juyo gaba ɗaya.

"Akwai wani bunsuru na maƙwabta da ya taɓa tunkuyinsa. Yaron nan bai yi kuka ba. Ya bi bunsurun har bayan rumbu, ya kama shi ya gartsa masa cizo a kunne. Mai bunsurun ya zo ƙara, ubanku ya fito zai yi faɗa, da ya ga bakin yaron cike da gashi sai dariya ta kama shi, har ya zauna a ƙasa."

Masahudu ya yi dariya, ita ma ta yi, dariyar ta juye mata kuka, ta toshe baki da mayafi. Wata mata da kwandon tumatir ta leƙo tana tambaya ko Aboabo za shi. Ya ɗaga mata hannu alamar a'a. Ya bar kujerarsa ya dawo baya ya zauna kusa da uwarsa.

"Sai kuma me, Mma? Baba fa, dogo ne?"

"Ina fa dogo," ta ce tana jan hanci. "Gajere ne kamar turmi. Tsawon nan naka na dangina ne."